Daga Teburin Mai Gyara: Wayar Na'urar Gano Kifi

Ina gaida 'yan'uwa na Kumasi da Abijan da Lome da Kwatano, da mu nan na Wagadugu. Makon jiya na yi muku alkawarin za mu yi maganar batirin sola da abin da ke kashe shi tun bai shekara ba. Ku yi mini afuwa, batir zai jira. Wani aiki ya faɗo mini a tebur wanda ban taɓa yin irinsa ba a shekara 30 da nake riƙe da ƙarfen dalma, kuma aikin na gida ne.

Ranar Litinin bayan azahar ƙanwata ta tsaya da babur ɗinta a ƙofar shago. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ajiye mini baƙar leda.

"Yaya, ga shi nan. In yana gyaruwa, to. In ba ya gyaruwa ka gaya mini gaskiya tun yau, in san inda zan sa kaina."

Na buɗe leda. Wani ɗan akwati ne mai allo, bai fi tafin hannu ba, da doguwar waya baƙa, a ƙarshenta wani dunƙulen roba kamar sabulun wanka. A tsakiyar wayar an naɗe wani wuri da baƙin salatif har ya yi kumburi kamar macijin da ya haɗiyi kwaɗo. Na'urar gano kifi ce ta ɗanta, wanda ke kamun kifi a madatsar ruwa ta Bagre.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san mu ba. Mu 'yan Zango ne, Zanguwetin na tsakiyar gari, wanda aka rushe a 2003 lokacin aikin ZAKA aka watsa mutanensa, wasu Niyoko, wasu can wajen Waga 2000. A shekarar nan ce kuma babbar kasuwa Rood Woko ta ƙone. Gidaje sun tafi, amma har gobe in an tambaye ni ina shagona nake cewa Zango, kuma wanda ya sani ya gane. Gidanmu ba a san su da ruwa ba, goro da tufafi muka gada. Ruwa ya shigo mana ta aure: marigayi mijin ƙanwata Basarke ne daga wajen Gaya, ya zo Bagre tare da 'yan'uwansa bayan an tare kogin Nakambe a farkon shekarun 1990. Da ya rasu, yaron ya ƙi zaman shago, ya ce wurin baffanninsa za shi. Uwar kuwa ta ci gaba da sana'ar da ta koya a gidan miji. Ana sako mata kifi cikin ƙanƙara a bi da shi ta Tenkodogo da Kupela, tafiyar fiye da kilomita 200, ita kuma ta raba wa masu gidajen abinci. Wanda ya san Waga ya san yawancin kifin da ake ci a garin nan daskararre ne da aka shigo da shi daga waje, shi ya sa ɗanyen karfasa da giwan ruwa na baraji ke da nasu masu nema, kuma suna biya.

Bara yaron ya ga wannan na'ura a wayar wani, ya hana uwarsa barci. Ta ɗauki kwasar adashinta, jaka 85, ta sa aka samo masa ta hannu cikin kayan nan da ake ce wa France au revoir. Sharaɗi shi ne ya riƙa biya da kifi, ita kuma ta ci gaba da zubi. Baffanninsa suka yi ta yi masa dariya, wai ɗan Zango ya zo da talabijin zai nuna wa kifi wasa. Da wayar ta lalace, sai ya ƙi faɗa wa kowa. Ya gyara da kansa, abin ya yi aiki kwana biyu ya mutu murus. Mako uku yana fita da na'urar a cikin kwalekwale yana kallon allo kamar tana aiki, don kada a ce an gaya masa. Uwar ta gane ne da wani direba ya yi suɓul da baka.

Na kira shi a waya. "Kai, me ya sami abin nan?"

"Kawu, wallahi jirage ne sunka matse ta a bakin gaɓa. Na ɗaura ta ta waje, da munka iso sai na wani ya bugo nawa."

"To me ya hana ka aiko tun ranar?"

Shiru. Na ƙyale shi, don na san amsar.

Yanzu ga yadda abin yake aiki, don wanda bai gane wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa ba a haɗa wayar nan kamar ta fitila ba. Mutane na ce wa dunƙulen da ke shiga ruwa ido. Masu Faransanci na ce masa sondi. Ni kuwa kunne nake ce masa, domin ba ya ganin komai. A cikinsa akwai wani ɗan faifan dutse irin wanda ke cikin abin kunna gas mai ƙas-ƙas. Halin dutsen shi ne in an matse shi ya ba da wuta, in an ba shi wuta ya motsa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan a 1880, sannan a 1948 'yan'uwan Furuno na ƙasar Japan suka fara sayar wa masunta na'urar da ke amfani da sauti wajen neman kifi. Akwatin yana aika wa dutsen wuta mai ƙarfi a taƙaice, dutsen ya buga sauti cikin ruwa, sauti mai kaifin da kunnenmu ba ya ji, wajen girgiza 200,000 a daƙiƙa ɗaya a irin waɗannan ƙanana. Sauti a ruwa yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa. In zurfin wurin mita 6 ne, zuwa da dawowa mita 12 ke nan, kashi 8 cikin 1,000 na daƙiƙa. Akwatin ya auna wannan lokaci ya rubuta maka zurfi. In sautin ya ci karo da kifi a hanya, jakar iskar da ke cikin kifin ce ta fi mayar da amsa, sai ka ga alama a allo.

Abin lura shi ne fita da ƙarfi ake yi, dawowa kuwa da raɗa. Amsar da ke dawowa wuta ce 'yar mitsitsiya, kuma ta cikin wayar nan ɗaya za ta bi. Shi ya sa aka yi wa wayoyin ciki riga ta saƙar ƙarfe, wadda ke tsare su daga hayaniyar wutar inji da ta sauran wayoyi. Ka yar da wannan saƙa, ka zama kamar mai sauraren raɗa a tsakiyar kasuwar Sankariyare.

Kafin in taɓa salatif sai da na tabbatar laifin na waya ne. Wannan ɗabi'a ce da nake so kowane mai gyara ya riƙe, ko rediyo aka kawo masa. Na jona akwatin da batir mai bolt 12, ya kama, allo ya haska, amma wurin zurfi sai ƙiftawa yake yi babu lamba. Na duba fiyus, lafiya. Na duba alluran kan jona, ba su lanƙwashe ba, ba su yi kore ba. Na kara kunnena a jikin dunƙulen. Mai lafiya yakan yi wani ɗan tik-tik kamar agogon hannu. Wannan shiru. Sai na kashe na cire batir, domin wutar da akwatin ke aikawa tana kai bolt ɗaruruwa, kuma tana cizo.

Da na warware salatif na ga gyaran gangar auzinawa. Wayoyi uku ne sirara a ciki, biyu na dutsen, ɗaya na abin auna zafin ruwa, sai saƙar da ta kewaye su. Yaron ya murɗa kowace da 'yar'uwarta da yatsa, a wuri ɗaya, ya datse saƙar ya yar don a ganinsa riga ce kawai. Wasu zaruruwanta da suka rage sun soki ɗaya daga wayoyin dutsen. Ga ruwa ya shiga ya kwanta, jan ƙarfen ya yi kore, wani wurin ya yi baƙi. Ban ga laifinsa sosai ba. Haka yake ganin ana haɗa wayar fitila tun yana yaro, kuma a bakin Bagre babu mai dalma.

Ruwa a cikin waya yana tafiya ne kamar kananzir a lagwani. Inda ka ga tsagar ba nan ya tsaya ba. Na riƙa yanka kaɗan-kaɗan ta kowane ɓangare ina feɗewa, har sai da na ga jan ƙarfe mai sheƙi. Na yar da kusan santimita 40. Sa'ar da muka yi ita ce raunin yana nesa da dunƙulen, fiye da mita ɗaya. Da a bakinsa ne, inda waya ke shiga cikin robar da aka zuba ta daskare, da na ce wa ƙanwata ta yi haƙuri, sai sabo. Wurin nan ba ya gyaruwa, kada wani ya karɓi kuɗinku a kansa.

Sai awo da mita. Daga inda na yanke zuwa kan jona, kowace waya ta amsa da allurarta, kuma babu wadda ke taɓa wata. Ta ɓangaren dunƙulen kuwa akwai tarkon da ke sa masu gyara su yar da abu mai kyau. In ka ɗora mita a kan wayoyin dutsen kana neman ko wuta na wucewa, sau da yawa ba za ta nuna komai ba, kamar waya ta tsinke. Ba tsinkewa ba ce, dutsen ne ba ya barin wutar mita ta ratsa shi. Abin da na yi, na mayar da mita wurin auna ƙaramar wuta mai kai-komo, na ɗan ƙwanƙwasa fuskar dunƙulen da ƙotar sukundireba. Lamba ta yi tsalle ta koma. Dutse na da rai. Abin auna zafi kuma na gwada shi da ruwan ɗumi a kofi, na ga lambar tana sauka sannu a hankali, yadda ya kamata. A nan na aika wa ƙanwata saƙo cewa ta kwantar da hankalinta tukuna.

Haɗin kansa ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Abu na farko, kafin ka haɗa komai, ka zura robar nan mai tsukewa da zafi a jikin wayar, babbar ta waje da ƙananan na ciki. Duk mai gyaran da ya ce bai taɓa gama dalma tsaf sannan ya ga robar a kan tebur tana kallonsa ba, ƙarya yake yi. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Sannan kada mahaɗan su zo a wuri ɗaya. Na datse wayoyin tsayi daban-daban, tazarar santimita 2 tsakanin kowace mahaɗa da ta gaba, ta yadda ko roba ta huje ba za su taɓa juna ba, kuma wurin ba zai yi ƙullutu ba. Launi da launi, kuma na ɗauki hoto da waya tun kafin in yanka, don wata na'urar launukanta da adadin wayoyinta sun bambanta da wannan. Dalma ta masu rediyo na yi amfani da ita, mai ƙaro a ciki. Kada ku kuskura ku sa ruwan asid irin na masu gyaran lagireto, zai ci wayar daga ciki bayan wata biyu. Zafi kuma a taƙaice, don rigar waɗannan wayoyi tana narkewa da wuri.

Saƙar ce ta ci mini lokaci, tunda an yar da ta asali kuma na ƙara yankewa. Na ɗauko tsohuwar wayar eriyar talabijin, na zare saƙar da ke cikinta, na zura ta kamar safa a kan mahaɗan guda uku, na kama bakinta biyu da saƙar wayar da ɗigon dalma. Ita ma tun kafin haɗi ake zura ta. Na sake awo: saƙa ta amsa daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta taɓa wayoyin dutsen ba. Sannan na jawo babbar robar, irin mai gam a ciki, na bi ta da zafi daga tsakiya zuwa gefe har gam ya leƙo ta baki biyu. Wannan robar sai da na zaga shaguna huɗu kafin in same ta, mara gam ce ta cika gari, kuma mara gam ba ta hana ruwa. A kai na naɗa salatif na roba mai kama jikinsa, na rufe duka da guntun tiyo don kada wurin ya riƙa lanƙwasa. Wani maƙwabcina ya ce in cika tiyon da silikon. Na ƙi. Silikon mai warin tsami, in ya sami jan ƙarfe, cinye shi yake yi.

Abu ɗaya da na ƙi yi shi ne ƙara tsayi. Yaron ya roƙe ni in mayar masa da santimita 40 ɗin da na yanke, har in ƙara masa mita ɗaya da wayar da nake da ita. Na ce a'a. Kowace mahaɗa ƙofa ce ta ruwa, kuma wayar fitila ba ta da saƙa. Ya matso da akwatin kusa, shi ke nan.

Gwaji a shago bai gamsar da ni ba. Tik-tik ya dawo, na ji daɗi, amma ban bar shi ya daɗe a kunne a waje ba, don dunƙulen a ruwa aka yi shi ya yi aiki. Na tsoma shi a duro, allo ya riƙa ba ni lambobin hauka, saboda sauti na bugun bangon duro yana dawowa ta ko'ina. Washegari da asuba na hau babur na tafi barajin Tangin. Na sami wani masunci Bamoshe, na ba shi kuɗin shayi, ya tura ni tsakiya. Na ɗaure dunƙulen a sanda na tsoma, na kuma saki igiya da dutse a gefe. Igiya ta ba ni mita 2 da rabi. Allo ya rubuta 2.5, wani lokaci 2.4. Masuncin ya leƙo ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko abin yana faɗin sunan kifin. Na ce masa a'a. Ya ce to shi yana faɗa.

Maganarsa ta tsaya mini, domin ra'ayina a kan na'urar nan bai canza ba don na gyara ta. Ba ta kama kifi. Tarwaɗar da ke kwance cikin laka da wuya ta bambance ta da ƙasa. A ruwa mara zurfi, abin da take ji ɗan da'ira ne a ƙarƙashin jirgi, bai fi faɗin tabarma ba. Baffannin yaron da ke karanta launin ruwa da iska da tsuntsaye sun fi ta sanin inda karfasa ke kwana. Inda na ga amfaninta na gaske shi ne ƙasan ruwa. Baraji daji ne da aka nutsar, kututtura na nan a tsaye a ƙasa suna jiran raga, ga tsohon kwarin kogi inda manyan kifi ke bi. Ruwan ma ba ya zama a tsayi ɗaya, 'yan'uwanmu na arewacin Gana sun fi kowa sani, don su ke shan ambaliya in aka buɗe ƙofofin Bagre wajen watan Agusta ko Satumba. Wanda na'ura ta nuna masa kututture kafin ya zuba raga, ta cece masa kuɗi. Da ƙanwata ta yi shawara da ni tun farko, da na ce ta tambayi kuɗin dunƙulen kaɗai da inda ake samunsa kafin ta biya. Iyayenmu mata masu ba masunta da direbobi da teloli jari, wannan tambayar ku riƙa yin ta a kan kowace na'ura. Amma an riga an saya, kuma adashi ba ya jin uzuri.

Na rubuta wa yaron sharuɗɗa a takarda na sa cikin ledar. Waya ta bi ta cikin jirgi, ba ta waje ba. Duk inda za ta goga da katako a zura ta cikin tiyo. Mahaɗar da na yi ta zauna sama da ruwa, a ɗaure, kada ta kwanta cikin ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Sandar dunƙulen a ɗaga ta kafin a iso gaɓa. In an tashi aiki a cire kan jona ta riƙe kansa, ba ta jan waya ba, a naɗe a saka a bokiti mai murfi saboda ɓera. A ƙasa na ƙara masa layi ɗaya: in ta sake mutuwa, uwarka ta fara ji kafin direba.

Ƙanwata ta zo ɗauka ta ce, "Yaya, nawa ne?"

Na ce giwan ruwa ɗaya, amma daga hannun ɗanta, ba daga firjinta ba.

Ta sa ledar a motar Tenkodogo ranar Alhamis. Ranar Asabar da dare ya aiko mini saƙon murya ta WhatsApp, ana jin kwaɗi a bayansa. Ya ce tana aiki. Ya ce babban baffansa, wanda ya raɗa mata suna talabijin, ya kira shi gefe ya ce gobe su je wurin da ragarsa ta maƙale bara, ya duba masa abin da ke ƙasa. Saura zubi biyar a adashin. Giwan ruwa dai har yanzu bai iso ba.

Ina da roƙo ga masu zuwa Lome da Abijan da Tema. In wani ya bi ta shagunan kayan jirgi a bakin tashar ruwa ya ga irin wannan dunƙule ana sayarwa shi kaɗai, mai allura huɗu a kan jona, ya taimaka ya tambayo mini kuɗinsa ya aiko ta akwatin saƙon mujalla. Haɗin da na yi zai kai mu rani in an kula da shi, bayan nan ban yi alkawari ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, batirin sola.